Abin da gasa BiFeO3 ya koya mini

Maganaɗisu kowa ya san shi. Akwai kuma sinadaran da ke riƙe cajin lantarki ta fuska ɗaya ko an ɗauke musu wuta, kuma a iya juya fuskar da wata wutar. Abu guda mai halayen nan biyu, wanda lantarki zai iya sarrafa maganaɗisunsa, shi na shiga ɗakin gwaje-gwaje ina nema, ta hanyar gasa BiFeO3, sinadarin bismut (Bi), ƙarfe (Fe) da oksijin (O). Ranar da ya samu yadda ake so, kwamfuta za ta adana bayanai da wuta kaɗan ƙwarai.

Neman ya daɗe. Tun 1894 masanin kimiyya Pierre Curie ya nuna cewa hakan mai yiwuwa ne. A 1959 masani Dzyaloshinskii, a Tarayyar Sobiyet, ya ce a duba Cr2O3, sinadarin kromiyam da oksijin, shekara ta zagayo wani masani, Astrov, ya auna ya tabbatar. Sai dai tasirin ɗan mitsitsi ne, har sha'awar fagen ta dusashe. A 2000 masaniya Nicola Spaldin ta bayyana dalilin ƙarancin irin waɗannan sinadarai: maganaɗisu na buƙatar elektiron a wani zagaye na ƙwayar zarrar ƙarfe, riƙe caji kuwa ya fi son zagayen nan ya zama wayam. Kamar kishiyoyi ne a ɗaki ɗaya.

BiFeO3 ya kauce wa rigimar ta hanyar raba aiki: bismut ya ɗauki lantarki, ƙarfe ya ɗauki maganaɗisu. Halin lantarkinsa na nan har kusan digiri 830 a ma'aunin Celsius, na maganaɗisu har kusan 370, wato duka biyun suna aiki a zafin ɗaki. Shi ya sa bayan aikin da ƙungiyar masani Ramesh ta yi a kan sinadarin a 2003 kowa ya yi kansa, har da ni.

A takarda haɗin ba wuya. Na auna garin Bi2O3 (bismut da oksijin) da na Fe2O3 (ƙarfe da oksijin), na niƙa a turmi, na matse su ƙwaya-ƙwaya, na sa a tanderu. A nan aiki ya tsaya mini. Bismut ba ya jure zafi, tururi yake yi ya gudu. Idan na rage wuta garin ba ya gama haɗuwa, idan na ƙara ko na daɗe sai hasken eksire ya nuna baƙi biyu, wato sinadaran da ban nema ba, Bi2Fe4O9 da Bi25FeO40. Tazarar da ke tsakani ƙanƙanuwa ce sosai. Abin da ya fisshe ni shi ne saka ƙwayoyin a tanderu mai zafi na 'yan mintoci, in fitar da su nan take.

Awo ya fi ba ni tsoro. Shaidar riƙe caji ita ce zanen da na'ura ke fitarwa idan ana kai wuta ana dawo da ita. Na ƙwarai yana da kusurwoyi, nawa kuwa ya fito a kumbure, ba kusurwa. Masani James Scott ya yi gargaɗi a kan wannan a 2008, ya nuna cewa ɓawon ayaba ma yana ba da irin zanen. Nawa ɗin yoyon wuta ne kawai, daga guraben oksijin da suka ɓace lokacin gashi. Yana damuna ganin ana wallafa irin wannan zane a matsayin nasara, domin mai tasowa zai gina aikinsa a kai. Yanzu yoyo nake fara aunawa, sannan in sauya saurin kai-komon wutar in ga ko zanen zai tsaya yadda yake.

Maganaɗisun ma bai zo da ƙarfi ba. Maganaɗisun ƙwayoyin zarrar ƙarfe maƙwabta yana fuskantar saɓanin juna, ɗan abin da ya rage kuma yana murɗawa ya zagayo duk bayan nanomita 62 (nanomita ɗaya kaso ɗaya ne cikin biliyan na mita), sai ya shafe kansa. Don warware murɗin ake maye gurbin wani kaso na bismut da wani ƙarfe mai suna lantanom, ko a shimfiɗa sinadarin siriri a kan wani kiristal. Ta lantanom na bi, kuma ta rage mini baƙin nan biyu.