Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fayil ba shi da ƙafa

Makon jiya na tsaya a inda na rasa gurbin karatun lauya. Sashen koyon aikin mulki aka tura ni, na karɓa ba don ina so ba. Baba bai ce uffan ba. Kawu ne kaɗai ya yi murna, shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana masinja a ma'aikata. Ya ce, "Je ka karanta ɗana, amma ka riƙe wannan: fayil ba shi da ƙafa." A raina na ce, me masinja ya sani?

A aji biyu aka haɗa mu da Max Weber, Bajamushen nan da ya rasu a 1920. A wurinsa ofis matakala ce: kowa da na gaba da shi, komai a rubuce, cancanta ke ba mutum kujera, kujerar kuma ba gadon gidansu ba ce. Na haddace tsaf. Haka ƙa'idojin gudanarwa 14 na Bafaranshe Henri Fayol, da ra'ayin Woodrow Wilson na 1887 cewa a raba siyasa da gudanar da mulki. Da na zo hutu na juye wa Kawu wannan duka a gaban su Yaya, har da cewa zamanin wa-ka-sani ya wuce. Murmushi kawai ya yi, ya ci gaba da gyaran rediyonsa. Wannan murmushin har yau yana ci mini rai.

Bari in tsallaka gaba kaɗan, tunda ta zo. Bayan na kama aiki, takardar ƙarin girmana ta yi wata bakwai a kan teburin wani mutum. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Ba ƙin sa hannu ya yi ba, ya sa tun makon farko. Wanda zai ɗauka ya kai ofishin gaba ne babu, ni kuwa mai digiri ina zaune ina jiran tsari ya yi aikinsa. Wani tsohon masinja ne ya tausaya mini, ya zaro fayil ɗin daga ƙarƙashin tarin jaridu, ya karkaɗe ƙura, ya soke shi a hammata. Kwana biyu aka gama. Lokacin Kawu ya shekara uku da rasuwa, ban taɓa ba shi haƙuri ba.

Aji uku da na huɗu ba na tuna komai a cikinsu sai layin rajista. Mako mai zuwa zan ba ku labarin malamin da ya riƙe mini kundin bincike.