Wace Nasarawa kake nufi?

A shekarar da na fara aikin tattara alƙaluman rigakafi, an miƙo mini fayil biyu daga ofisoshi daban-daban, aka ce in haɗe su kafin la'asar. Na kuwa haɗe. Washegari ogana ya kira ni, ya ɗora yatsa a kan layi guda: ƙaramar hukumar Nasarawa ta yi wa yara allura fiye da adadin yaran da ke cikinta. Ashe Nasarawar Kano na zuba a kan ta jihar Nasarawa. Kwamfuta ba ta san Bompai ta Kano ba, ba ta san garin Lafiya na jihar Nasarawa ba, suna kaɗai ta gani.

Daga ranar na daina yarda da suna shi kaɗai. Cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya akwai takwarori: Bassa a Filato da Kogi, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo. Sunayen mutane ma haka, mutum ɗaya ne Muhammad a asibiti, Mohammed a banki, Mamman a gida. Kwanan wata kuwa ya fi ba ni tsoro. Idan ka ga 03/04, 3 ga Afrilu ne ko 4 ga Maris? Allurar yaro ta gaba tana rataye da amsar.

Abin da ya sa ke nan hukumomi suke zama su amince da ma'auni guda. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira kuma Najeriya ke tattara bayanan lafiya da ita, tana ba kowane asibiti lambarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba kowace cuta lamba a tsarin ICD. NIN mai lambobi 11 ma aikinta ke nan, shi ya sa a Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa ta da layin wayarsa.

Inda na ga wahala ta gaske shi ne wajen mutane. Kowane ofishi yana son fom ɗinsa kamar yadda ɗan kasuwa ke son mudunsa, kuma ban ga laifinsu ba, shekaru suka yi suna awo da shi. Sai dai in mudu ya bambanta, mai saye ne ke kwana a ciki, a nan kuwa mai sayen uwa ce da ta yi tafiyar ƙafa da goyo ta tarar babu maganin rigakafi saboda lissafi ya karkata.

Yanzu duk fayil ɗin da aka turo mini, layin lambobi nake fara nema. In babu, nakan ɗaga waya in tambaya kafin in taɓa komai.