Kwana uku a Siwa cikin sanyin Janairu

Kwana huɗu ke nan da dawowata Katsina, har yanzu in na kaɗe jakata sai gishiri ya zubo daga ɗinkinta. Asali Alƙahira na je duba ƙanena da ke karatu a Azhar. Hutunsu na tsakiyar shekara ya kama, sai ya ce, "Yaya, ba za ka koma gida ba ka ga Siwa ba." Siwa dausayi ne a hamadar yammacin Masar. Na ce wa ke shiga hamada cikin wannan sanyi? Ya ce ai yanzu ne lokacinta. Da bazara zafin wurin yakan haura digiri 40, masu zuwa sai waɗanda ake binne wa jiki cikin rairayi mai zafi a gindin dutsen Dakrur don ciwon gaɓɓai.

Motar dare muka shiga. Hanya ta bi gaɓar Bahar Rum har Marsa Matruh, sannan ta karya kudu, kusan kilomita 300 ba gari ba ƙauye. A wani shingen bincike, wajen ƙarfe huɗu na asuba, wani jami'i ya karɓi fasfona, ya dubi bangonsa, ya yi mana nuni da hannu mu sauka. Turawan da ke bayanmu ko kallonsu bai yi ba. Muka tsaya a bakin titi iska tana yanka mana kunne, shi yana gefen wuta yana latsa wayarsa. Sai da muka yi rabin awa ya miƙo takardun da hannun hagu, ba sannu ba sai an jima. Ƙanena ya ce, "Yi haƙuri Yaya, iyaka ce kusa." Gaskiya ne, tsakanin Siwa da Libiya bai wuce kilomita 50 ba, kuma ban ƙi a bincika ni ba. Wulaƙancin ne ya tsaya mini a rai.

Gari na wayewa hanya ta gangara, sai ga dabino da zaitun iya ganinka, ga tafkuna suna ƙyalli. Siwa kwari ne, ya fi fuskar teku zurfi da kusan mita 19, ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa ta idanu masu yawa. Sanyinsu ba irin hunturunmu ba ne. Namu da ƙura yake zuwa, ya dushe rana, ya tsage leɓe. Nasu sama tas take, da rana riga ɗaya ta isa, amma da Magariba ta yi sai sanyi ya taso ta ƙafa ya shiga ƙashi.

Ɗakin da muka sauka shi ya fara burge ni. Da karshif aka gina shi, wato dunƙulen gishiri haɗe da laka da ake haƙowa a bakin tafki. Bangon yana da kauri, rufin kuma da gangar dabino aka jera, kamar yadda muke jera azarar giginya a soro. Zafin rana yakan shige cikin bangon, da dare ya riƙa sakinsa a hankali. Na kwanta da bargo biyu na gashin tumaki na tuna ɗakin kakata a cikin birni, da yadda muka rushe irinsa muka koma bulo da kwano, muna kuka da zafi da sanyi duka. Tsohon garinsu, Shali, da wannan karshif aka gina shi tun ƙarni na 13, gida kan gida a bisa tudu. A 1926 aka yi ruwan sama na kwana uku, gishiri ya narke, mutane suka sauko suka yi sabbin gidaje a gindinsa. An gyara wani sashe an buɗe a 2020. Hasumiyar tsohon masallacinsu, mai faɗin gindi da tsukakken kai, da na gan ta sai Gobarau ta faɗo mini.

Rana ta biyu muka yi hayar kekuna muka nufi idon ruwan da suke kira na Kilofatra, muka ɓace a cikin garake. Nan muka iske wani dattijo yana gyara magudanar ruwa. Muka yi sallama, ƙanena ya roƙi ruwan sha da Larabci. Dattijon ya juya ya kira jikansa, na ji ya ce "aman". Gabana ya faɗi, don kalmar nan na san ta a bakin Buzun da ke sayar da shayi a bakin layinmu. Ashe mutanen Siwa suna da harshensu, Siwi, ɗan'uwan Tamashek ne, harshen Buzaye, dukansu daga tushen Amazigh. Da na gaya masa a garinmu akwai masu kiran ruwa da wannan suna, sai ya ajiye fartanyarsa ya ce sai mun zauna.

Ya hura wuta da busassun rassan zaitun, ya ɗora ƙaramar buta. Shayin ma irin na Buzaye ne, cikin ƙananan kofuna, na farko mai ɗaci, na biye da wata ciyawa mai ƙanshin lemun tsami. Ya kawo dabino da zaitun da gurasa mai zafi daga gida. Ya tambayi nisan garinmu, da ko muna noman dabino, da wace hanya kakanninmu suke bi zuwa Makka. Da za mu tashi na ciro kuɗi, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ɗana, mayar da shi aljihu." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Ya cika mana leda da dabino, ya sa jikan ya raka mu har bakin hanya. Fushin da na taho da shi daga shingen nan a garkar dattijon ya sauka.

Zuwa Bir Wahid, wani idon ruwan zafi da ke cikin hamada, sai da izinin hukuma da mota mai hawa rairayi. Direban farko ya yanka mana kuɗi kamar daga Turai muka zo, muka bar shi. Muka haɗu da wasu ɗalibai huɗu 'yan Malesiya muka raba kuɗin mota ɗaya, ya zama kowa ya biya ƙasa da rabin abin da aka fara faɗa. Direba ya rage iskar tayoyi, muka shiga tekun rairayi, tuddai kamar gidajen bene, mota tana sulalowa ina ta salati. A wani wuri ya tsaya ya nuna mana bawon katantanwar teku manne a jikin dutse, shaidar cewa teku ya taɓa kwanciya a nan. Can tsakiyar rairayin sai ga 'yan itatuwan dabino da wani tafki ƙarami yana tururi, ruwan yana warin farar wuta. Na taɓa shiga Wikki a Yankari, wannan ya fi shi zafi. Iska mai sanyi tana bugun fuska, jiki yana cikin ɗumi har wuya, ban so fita ba. Muka yi Magariba a kan tudu, sannan aka tono mana abu mardam, kaza ce da aka rufe a cikin rami da garwashi ƙarƙashin rairayi. Ƙashin ma yana rabuwa da naman da kansa.

Farashi kuwa kala biyu ne. Man zaitun da dabino a shagunan manoma araha ne, kuma ba algus. Amma kofin shayi a tsibirin Fatnas, inda ake zuwa kallon faɗuwar rana, ya ninka na cikin gari sau uku, fitilun da ake sassaƙawa da gishiri kuma sai ka yi ciniki sosai. Abin da na yaba shi ne ba mai binka yana jan rigarka kamar a Giza. Matansu a rufe suke ruf cikin shuɗin mayafi, ba a ɗaukar su hoto. Wasu baƙin ba su kula da wannan ba, da irin shigar da suke yi a bakin ruwa, abin bai yi mini daɗi ba a madadin masu garin.

Ramukan gishiri na shiga sau ɗaya. Ba a nutsewa ko ba ka iya iyo ba, amma ruwan da sanyi, kuma ɗigo ɗaya a ido ya ishe ka. Mun leƙa Agurmi, inda Iskandar na Makidoniya ya zo wurin bokayen Amun, abin bautar Masarawan dā, a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, muka hau Dutsen Matattu muka ga kaburburan da aka sassaƙa a cikinsa. Da dare muka kama motar Alƙahira. Dabinon dattijon na raba wa maƙwabta, na ware wa Buzun layinmu nasa, na gaya masa inda na ji ana cewa aman.