Tocila shida da taurari masu fashewa: yadda muka auna buɗewar sararin samaniya a ajinmu

Tocila shida na saya a babbar kasuwar Kaduna, duk iri ɗaya, har mai shagon ya tambaye ni ko sari zan fara. Na ce masa darasi zan yi da su. Ina koyar da fiziks a wata sakandare da ke Tudun Wada, kuma tun farkon zango 'yan ajin ƙarshe suka tasa ni gaba da tambaya guda: "Malam, an ce sararin samaniya buɗewa yake yi. To wa ya je ya auno?" Amsar da nake rubuta musu a allo ba ta gamsar da ni kaina ba, balle su. Sai na ce to mu ma mu auna da hannunmu.

Abu biyu ake nema game da kowane gungun taurari: saurin da yake janyewa daga gare mu, da kuma nisansa. Na farkon bai da wuya. Hasken abin da ke janyewa karkata yake yi zuwa ja, kamar yadda ƙarar tirela ke yin kauri da zarar ta wuce ka a Kawo ta miƙi hanyar Zariya, kuma gwargwadon karkatar, gwargwadon saurin. Nisan ne ƙashin aikin. A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa duk gungun da ya fi nisa ya fi saurin janyewa, amma adadin da ya samu ya kai kusan 500, wato ya ninka na yau kamar sau bakwai, don awon nisansa bai yi daidai ba. Ma'anar adadin ita ce kilomita nawa a daƙiƙa ɗaya saurin ke ƙaruwa a kowane megafasek, megafasek ɗaya kuwa tafiyar haske ce ta shekara miliyan 3.26.

A nan taurari masu fashewa ke shigowa. Akwai wani tauraro da ya riga ya cinye makamashinsa ya ƙanƙance, girmansa bai wuce na duniyarmu ba, masana na ce masa farin wada. Idan yana da abokin zama a kusa yakan riƙa jan kayan jikinsa, har nauyinsa ya doshi ninki 1.4 na ranarmu, iyakar da Chandrasekhar ɗan Indiya ya lissafo. Daga nan sai ya tarwatse gaba ɗaya. Wannan ita ce sufanoba nau'in Ia, haskenta ya kai na rana biliyoyi, ta yi makonni tana ci kafin ta dushe. Tun da kusan a nauyi ɗaya suke fashewa, kusan hasken nasu ma ɗaya ne. Kamar tocilolina ke nan.

Wata Asabar a watan Disamba muka toshe tagogin ɗakin taro da tabarmi da zannuwa. Na sauke manhajar auna haske a wayata, muka ajiye ta a kan tebur. A mita ɗaya tocila ta ba da 400, a mita biyu 100, a mita huɗu 25. Yaran suka ga da idonsu cewa idan nisa ya ninka biyu haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Sai muka juya abin: ɗalibi ya ɗauki tocila ya tsaya inda ya ga dama cikin duhu, sauran su karanta waya su faɗi nisansa, sannan a ja tef a gani. Tocila huɗu suka fito daidai, ɗakin ya ɗauki sowa. Ta biyar lissafi ya ce mita biyar, tef ya ce huɗu. Muka sake, haka dai. Wani yaro ya kwance gindinta ya sa batirin ta farko, nan take ta koma huɗu. Batirinta ne ya yi sanyi.

Wannan tocilar ta fi sauran amfani a wurina, domin sufanoba ma haka suke, wata ta ɗan fi wata ƙarfi. A 1993 Mark Phillips ya nuna cewa wadda ta fi haske ta fi daɗewa kafin ta dushe, saboda haka idan aka bi ta kwana da kwanaki ana iya sanin ƙarfinta a gyara lissafi. Ƙura kuwa ba sai na yi dogon bayani ba. Da muka fito da la'asar sakaliya hazo ya rufe gari, rana ta zama kamar jan faranti, kana iya kallonta ba ƙiftawa. Na ce su duba: ƙura na rage haske, tana kuma mai da shi ja. Tsakanin taurari ma akwai ƙura, kuma da wannan jan ne masana ke gane yawan hasken da ta cinye.

Ba mu da madubin hangen taurari, ko da muna da shi ma hazon hunturu da fitilun Kaduna ba za su bar mu ba. Amma masana sun saki awonsu kyauta a intanet. Na sauko da jerin da ake kira Pantheon+, na 2022, mai ɗauke da sufanoba 1,550, na zuba shi a Excel. Kwamfuta ɗaya gare mu, mu goma sha ɗaya kewaye da ita, ana ɗauke wuta muna lallaɓa caji. Na ba su labarin wadda ta fashe a gungun M82 a Janairun 2014, wadda wani malami da ɗalibansa suka fara gani a Landan suna tsakiyar darasi. Na ga fuskokinsu sun sauya.

Karon farko mun kwashi na kusa-kusa, a tunanina su suka fi tabbas. Ɗige-ɗigen suka watse a kan zanen nisa da sauri kamar an zubar da gero. Sai da na kwana ina juya abin kafin na gano dalili: gungun taurari na da nasa kai-komo saboda jan maƙwabtansa, kilomita ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma a kusa wannan kai-komon yana danne buɗewar da muke nema. Gungun Andromeda ma tahowa yake yi wajenmu. Muka cire na kusa ƙwarai, muka cire na can nesa inda layin ke lanƙwasa. Lanƙwasar nan ce ƙungiyoyi biyu suka gani a 1998 suka gane cewa buɗewar ƙara sauri take yi, abin da ya sa Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess suka sami kyautar Nobel a 2011. Da muka tsaya a na tsakiya, ɗige-ɗigen suka jeru kamar sahu. Adadi ya fito kusan 70. Muka juya shi, wato muka raba nisa da sauri, muka sami shekara wajen biliyan 14, dab da biliyan 13.8 da ake ba sararin samaniya. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi.

Ana cikin murna wata ɗaliba mai zama a layin gaba, wadda ba ta cika magana ba, ta nuna wani gida a saman teburin lissafin. "Malam, wannan -19.3 ɗin daga ina ya fito?" Na ce shi ne ainihin ƙarfin hasken sufanoba a ma'aunin masana taurari, a littafi na gani. Ta ce, "To Malam, mu tocilarmu mun auna ta da tef a mita ɗaya. Su wa ya ja musu tef?" Na ce ta zauna ta canza lambar. Ta sa -19.2, adadinmu ya haura 73. Ta sa -19.4, ya sauko 67. Ɗakin ya yi tsit.

Gaskiyarta. Sufanoba na gaya maka wannan ta ninka waccan nisa sau biyu ko goma, amma ba ta gaya maka megafasek nawa ba ne, sai ka san ƙarfin haskenta daga wata hanya. Ni kuwa na ɗauko lambar a dafe na sa, ashe rabin amsar na cikinta. Na ji nauyin abin, don na kusa sallamar yara da cewa sun auna abin da ba su gama aunawa ba.

Mako guda muka yi a kan tef ɗin masana. Tsani ne mai matakai. Taurarin kusa ana auna su da lissafin kusurwa, ana kallonsu daga gefe biyu na kewayen da duniya ke yi wa rana. Daga nan sai taurarin Sifid masu ƙaruwa da raguwa, waɗanda Henrietta Leavitt ta nuna a 1912 cewa tsawon zagayen haskensu yana bayyana ƙarfinsu. Sai a nemi gungun da ke da Sifid kuma sufanoba ta taɓa fashewa a cikinsa, kamar M101 a 2011, a ɗora wannan a kan wancan. Irin waɗannan gungu kaɗan ne, 'yan gomiya kawai, kuma duk sauran ɗaruruwan a kansu suke tsaye. Ta wannan tsanin ƙungiyar Riess ta sami 73 a 2022. Masu aiki da kumbon Planck, waɗanda suka bi ta tsohon hasken farkon halitta ba tare da tsani ba, 67.4 suka samu. Kowane ɓangare ya tace awonsa har tazarar ta fi ƙarfin a ce kuskuren awo ce kawai, kuma masana na nan suna ta fafatawa a kai. Tazarar da yarinyar nan ta buɗe da canza lamba ɗaya, kusan ita ce wadda ake jayayya a kanta.

A rahoton da muka liƙa a bangon aji ba mu rubuta 70 shi kaɗai ba. Mun rubuta cewa mun sami tsakanin 67 da 73, gwargwadon ƙarfin hasken da aka ɗauka, kuma ba mu muka auna wannan ƙarfin ba. Ita ta rubuta layin da hannunta. A zango mai zuwa ta roƙi mu fara daga matakin ƙasa, mu auna nisan hasumiyar masallacin da ake hangowa daga filin ƙwallo da kusurwa biyu ba tare da mun taka zuwa can ba, na kuwa riga na ari doguwar igiyar awo a wajen wani magini a layinmu.