Abin da batsa ke yi wa tunanin baligi

A Saudiyya an toshe shafukan batsa, amma VPN, manhajar da ke buɗe shafukan da aka toshe, ana samun ta kyauta. Mutum ya dawo daga aiki a Jidda, ya shige bargo, sai hasken waya.

Idan kana karatu ko sauraron labari, ƙwaƙwalwa ce ke zana fuskoki, ta ƙirƙiro muryoyi. Bidiyo kuwa ya gama komai, bai bar mata aiki ba. Da safe tela ya zauna gaban keke, sabon salon ɗinki ya ƙi zuwa, hotunan daren jiya ke masa yawo.

Ɗan'uwa, goge VPN ɗin. A iPhone, ka kulle saukar da manhajoji ta hanyar Screen Time da ke cikin saitin wayar, amininka ya sa lambar sirrin, domin in kai ka riƙe ta, ƙarfe biyun dare za ka buɗe. Waya ta kwana nesa da katifa.