"Ai ita tana da miji": abin da jadawalin albashi ya koya mini

A makarantar kuɗin da na yi aikin akanta a nan Kaduna, babu inda aka rubuta cewa a biya mace ƙasa da namiji. Da za a tambayi mai makarantar, zai rantse bai taɓa nuna bambanci ba, kuma har zuciyarsa haka ya ɗauka. Amma ni nake haɗa jadawalin albashi duk ƙarshen wata, kuma na ga inda ratar take ɓullowa.

Tun ranar ɗaukar aiki take farawa. Namiji zai zo da takardar NCE, a faɗa masa abin da za a biya, ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da iyali, ga haya, ga kuɗin mota kullum daga Rigasa. A duba mini." Sai a ɗan ƙara masa. Mace za ta zo da takarda iri ɗaya, a yanka mata kuɗi, ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya sa albarka." Tun tana ƙarama aka nuna mata cewa ja-in-ja da babba a kan kuɗi rashin kunya ne. Idan kuwa ta daure ta nemi ƙari, abin da na sha ji bayan ta fita shi ne, "Ai ita tana da miji, kuɗin kwalliya ne kawai." Daga nan duk ƙarin da za a yi, a kan wancan kuɗin na farko ake lissafa shi, don haka ratar sai dai ta ƙara faɗi.

Wannan maganar ce ta fi ci mini rai. Gaskiya ne Musulunci ya ɗora wa miji ciyarwa, ba wanda ya musa. Amma albashi ladan aiki ne, ba tallafi ba. Ban taɓa ganin an rage wa malami kuɗi don mahaifinsa mai hali ne, ko don bai yi aure ba tukuna. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabonsu daga abin da suka aikata, mata ma suna da nasu. Su waye ma masu "kuɗin kwalliyar"? A cikinsu akwai mai riƙon marayu. Akwai dattijuwar da mijinta bai sake samun tsayayyen aiki ba tun da masaƙun Kakuri suka rufe, ita ke auno hatsin gidan. Akwai budurwar da ke biya wa ƙannenta kuɗin makaranta.

Sai batun alawus. Lesin na yamma, shirya ɗalibai don WAEC da NECO ranar Asabar, muƙamin jami'in jarrabawa, duk akwai kuɗi a kansu, kuma kusan kullum maza ake ba wa. Dalilin kuwa, "ba za ta iya ba, tana da goyo", alhali ba wanda ya tambaye ta. Daga baya na karanta cewa Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa a Amurka ma yawancin ratar tana buɗewa ne bayan haihuwar fari. A wajenmu da yawa kan dawo aiki da zarar sun yi arba'in, don tsoron kada su tarar an ba wata ajinsu. Dokar ƙwadago ta tanadi mako 12 na hutun haihuwa da aƙalla rabin albashi, gwamnatin Kaduna kuma ta mayar da na ma'aikatanta wata 6 a 2019, amma malamar makarantar kuɗi a labari take jin wannan.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 17 na Tsarin Mulkin 1999 ya yi maganar biya iri ɗaya ga aiki iri ɗaya ba tare da duba jinsi ba, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta shi kai tsaye. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a irin waɗannan ƙananan wurare mata da yawa ke nema.

Abin da na ga ya yi amfani shi ne fitar da lissafi fili. A aikin gwamnati kowa ya san abin da mai mataki na 8 yake ɗauka, mace ce ko namiji. Mu kuwa kowa ɓoye nasa yake yi, rashin sani kuma ya fi dare duhu. Muka roƙi mai makaranta ya yarda a rubuta tsarin albashi bisa takardar shaida da shekarun aiki, a manna a ofishin malamai, kuma duk aikin da ke da alawus a sanar, mai so ya nema. Ya yi jinkiri, daga baya ya amince. Da aka sanar da gurbin jami'in jarrabawa, malamar lissafi mai goyo ce ta fara kawo takardarta.

Inda har na bar aikin ba a taɓa ba shi ne ajin nazare. Mata ne zalla, kuma su ne a ƙasan jadawali. Malamar da ke kama hannun ɗan shekara uku tana koya masa riƙe fensir, ta wanke wanda ya ɓata wandonsa, ta lallashi masu kuka, ta share majina, har a tashi ba ta zauna ba, ita ce mafi ƙarancin kuɗi a makarantar. Duk lokacin da na tayar da zancen, sai a ce mini ai reno ne, kowace mace ta iya.