Zama na bakwai: ranar da gajiya ta hau teburinmu

'Yan'uwa masu koyon jan wasa, ga inda na kwana. Zama bakwai ke nan ina jan Dungeons & Dragons, wasan tebur da mai ja ke ba da labari, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi ɗaya, wa mutum huɗu, amma sai daren Asabar da ta wuce na fara aiki da dokar gajiya. Da can tsallake ta nake yi, ina ganin lissafinta zai cinye mana lokaci.

Labari ya kai jaruman cikin hamada, tafiyar kwana huɗu daga rijiya zuwa rijiya. Dokokin bugun 2014 muke bi, kuma a cikinsu gajiya hawa shida ce. A hawan farko, duk abin da jarumi zai gwada na ƙwarewa, bin sawu ne ko hawan dutse, sai ya jefa ƙwaya mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki ƙaramar lamba. A na biyu saurinsa ya koma rabi. A na uku jifan nan biyu ya bi shi har wajen kai hari da jifan tsira, wato jifan da ake yi don kauce wa wata cutarwa. Na huɗu ya raba makin ransa biyu, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, na biyar ko ƙafa ba ya ɗagawa, na shida kuwa ajali ne. Dogon hutu na awa 8 hawa ɗaya tak yake saukewa, shi ma sai an ci an sha.

Ga inda na yi kuskure, kuma ina so ku kiyaye shi. Akwai dokar tsananin zafi: idan rana ta kai kamar digiri 38, jarumi zai yi jifan tsira ƙarshen kowace awa, in ya gaza ya ƙara hawa ɗaya na gajiya, lambar da ake nema ta fara daga 5 tana ƙaruwa da ɗaya. Mai sanye da sulke matsakaici ko mai nauyi kuma ƙaramar lamba zai ɗauka cikin biyu. Sai na ɗora musu ita tun daga safiya, alhali salkunansu cike suke. Dokar kuwa ta wanda ba shi da ruwan sha ce. Kafin la'asar ta cikin labari, mayaƙin ƙanina ya kai hawa na uku. To daga nan abin gangara ne, domin jifan da zai hana shi ƙara gajiya, shi ne gajiyar ta fara lalatawa. Ƙanin nawa ya ajiye fensirinsa ya ce, "Yaya, ko ɗan fashi ɗaya ban gani ba, ga ni zan mutu." Abin ya dame ni ƙwarai. Na dakatar da wasa, na sake karanta wurin, na ba shi haƙuri, muka mayar da shi hawan farko, wanda ya samu ta halal lokacin da suka wuce awa 8 suna tafiya.

Abin da ya yi aiki sosai shi ne murfin kwalbar lemo. Duk wanda ya hau mataki, sai in tura masa murfi ɗaya gabansa. Lamba a takarda ana mantawa da ita, murfi kuwa yana nan kowa na kallo. Da suka ga biyu a gaban mai bin sawunsu, da kansu suka fara shawara: a yi tafiyar dare, a yini a inuwar dutse, a auna ruwa tunda galan biyu kowa ke bukata a ranar zafi. Wanda ya san ranar Afrilu a Sakkwato ba sai an yi masa bayani ba. Kusan minti ashirin suna muhawara a kan raƙumi da salka, ban ce uffan ba, kuma tun da na fara jan wasa ban ji daɗin wani lokaci kamarsa ba.

Sihirin da ke sauke gajiya ya yi musu nisa, sai limamin ayarin ya kai matsayi na 9, su kuwa a na 3 suke.

Na leƙa bugun 2024. Can an sauƙaƙa: kowane hawa yana rage 2 daga jifa, da ƙafa 5 daga sauri, mutuwa tana nan a na shida. Ya fi sauƙin riƙewa a ka, kuma ba ya faɗo wa mutum gaba ɗaya kamar hawa na ukun nan. Asabar mai zuwa shi zan gwada a kwana biyun da suka rage musu kafin rijiya, da murafun dai.